Kafin A Busa Usur, A Dubi Girman Yaro

Wannan shi ne jawabin da muka karanta a gaban taron malaman makaranta, da iyaye, da masu koya wa yara wasanni.

Za mu fara da namu laifin, don kada a ce mun taka namu mun hango na wani.

Shekarun baya muna da yara biyu a ƙungiyar tamaula ta unguwa. Ajinsu ɗaya, a damina ɗaya aka yi sunansu, kowannensu shekararsa 13. Ɗaya ya riga ya miƙe, muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa. Ɗayan kuwa ɗan tsurut ne, in ya sa rigar wasa sai ta sauko masa har gwiwa. Muka sallami ƙaramin, muka ce ya je ya ci tuwo tukuna. Babban kuwa muka ɗora masa kome da kome. Ya buga wa yara da safe, ya buga wa manya da la'asar, in ya makara mu sa shi tsallen kwaɗo ya kewaye fili. Ya ce gwiwarsa na ciwo, muka ce ragwanci ne. Kafin shekara ta kewayo wani ƙululu ya fito masa a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ko durƙuso ba ya iyawa sai da cije leɓe. Ya bar wasa. Ƙaramin nan kuwa da ya kai shekara 17 ya fi mu tsawo, amma ran da muka neme shi sai ya ce ai mun riga mun gaya masa shi ba ɗan wasa ba ne. Yara biyu ke nan muka rasa, kuskuren kuwa ɗaya ne, watau mun ƙidaya shekaru ba mu dubi jiki ba.

To, ga yadda abin ya ke. Yaro ba ya girma da gudu ɗaya. Daga shekara 6 zuwa wajen 10 tafiyar a hankali ta ke, kamar inci 2 a shekara, watau santimita 5 zuwa 6. Sa'an nan sai jiki ya zabura. 'Ya mace ta kan kai tsakiyar wannan zabura wajen shekara 12, namiji wajen 14, a lokacin nan kuwa namiji ya kan ƙara kusan inci 4 cikin shekara guda. Amma wannan lissafin tsaka-tsaki ne. Wani ya kan riga shi da shekara biyu, wani ya makara da biyu, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Ashe ke nan a aji ɗaya, a benci ɗaya, ana iya samun yara biyu da tazarar shekara huɗu ta ke tsakanin jikinsu. A nan Arewa akwai ƙarin dalili. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100. Yaron da abinci bai ishe shi ba tun yana ƙarami, sau da yawa balagarsa ta kan yi jinkiri. In ka kore shi daga fili saboda ƙanƙantarsa, yunwa ta doke shi, kai kuma ka ƙara masa.

Mu dubi ƙashi. Dogayen ƙasusuwan yaro ba su gama ƙosawa ba. A kusa da kowane baki akwai guringuntsi, daga nan ne ƙashin ya ke ƙara tsawo, ba ya kuwa rufewa sai wajen shekara 14 zuwa 16 ga mata, 16 zuwa 18 ga maza. Wurin nan ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Saboda haka faɗuwar da za ta yi wa babba targaɗe, ga yaro tana iya zama tsagewa a mahaɗar girma, wadda in an ɗaure ta a karkace ƙafa ɗaya ta kan fi ɗaya tsawo. Har wa yau, lokacin zaburar nan ƙashi ya kan riga nama tsawo, sai jijiya ta ɗame kamar tsirkiyar baka, ta yi ta jan inda ta ke manne. Ƙululun nan na yaronmu ba sabon abu ba ne. Tun 1903 likitoci biyu suka bayyana shi, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, har yau da sunansu a ke kiran ciwon. Yana da ƙane a dunduniya, wanda likita Sever ya bayyana a 1912, shi kuwa ya fi kama 'yan shekara 8 zuwa 14. Galibi su kan wuce in girma ya tsaya. Maganinsu na fari shi ne a rage tsalle da gudu a kan ƙasa mai tauri har zafin ya lafa. Mu kuwa tsallen kwaɗo muka ƙara masa.

Akwai kuma wani abin da ke ruɗa mai koyarwa. Tafin ƙafa da ƙwauri su kan riga gangar jiki girma. Sai ka ga yaron da bara ƙwallo ba ta barin ƙafarsa, bana yana tuntuɓe da inuwarsa. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma shaye-shaye ya fara ba, kamar yadda wasu iyaye kan yi saurin zato. Ƙafafun ne sababbi, sai ya sake koyon aiki da su. A ba shi 'yan watanni, a komar da shi kan abubuwan farko, a daina yi masa tsawa a gaban 'yan'uwansa.

Menene abubuwan farkon? Su ne waɗanda kowane wasa ke tsaye a kansu: iya tsayuwa ba tangaɗi, da saurin ƙafa, da zafin nama wajen juyawa, da ƙarfin zabura, da jituwar ido da hannu da ƙafa. Waɗannan ana koyonsu tun kafin balaga, kuma ba wasa ɗaya ke koyar da su ba. A nan kam kakanninmu ba su bar mu hannu banza ba. Ku dubi langa. Yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu, yana ɗingishi a kan ɗayar, yana kauce wa mai ture shi, yana kuma neman wanda zai kayar, idonsa na kan ruwa. A cikin wasa guda ya sami tsayuwa, da ƙarfin ƙwauri, da dabara. Abin da za a kula shi ne a riƙa sauya ƙafa, kada ɗaya ta ɗauki aikin duka. Carafke na koya wa yarinya haɗa ido da hannu, gaɗa na koya mata tsalle da dira a kan kari. Ga kokawa a kan rairayi, ga iyo, ga hawan itace. Mun bar duk waɗannan, mun ɗauki yaro ɗan shekara 9 mun ce daga yau shi mai tsaron baya ne har ya tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami motsa jiki na wajen minti 60 kowace rana, da abin da zai ƙarfafa nama da ƙashi sau uku a mako a ƙalla. Ba ta ce lalle tamaula ba. Ba ta kuma ce a yi shi a filin da aka yanka aka gina kantuna ba, wannan magana kuwa iyayen yara sun san makarantun da mu ke nufi.

An sha tambayarmu ko ɗaga ƙarfe na hana yaro tsawo. Likitoci ba su sami shaidar haka ba, muddin nauyin daidai ƙarfinsa ne, kuma akwai babba a tsaye yana gyara masa. Sai dai a sani, kafin balaga ƙarfin da yaro ke samu ba na kumburin ƙwanji ba ne, jikinsa ne ke ƙara iya sarrafa naman da ya ke da shi. Wanda ya ɗora wa ɗan shekara 11 ƙarfen manya don ya ga damtse ya tashi, wahalar banza ya ke ba shi.

'Yammata kuma suna da tasu. Bayan balaga, tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samunsu fiye da maza a wasa iri ɗaya, wajen dira daga tsalle ko juyawa farat ɗaya. Dira abin koyo ce: a sauka a kan ƙafa biyu, a lanƙwasa gwiwa, kada gwiwoyin su faɗa ciki su haɗu. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da a ke kira 11+, ba ya bukatar kome sai fili da ƙwallo. An gwada shi a kan 'yammata a Norwe, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da wajen sulusi. An kuma gwada shi a Ikko a kan samari 416 na ƙungiyoyi 20, sakamakon 2014 ya nuna raguwar 41 cikin 100. Minti 20 ne fa, sau biyu a mako. Mu kan ɓata fiye da haka wajen gardamar wa zai sa riga mai lamba 10.

Yanzu sai maganar zaɓe, a nan ne kuwa zaluncin ya fi ɓuya. A 1985 wani masani a Kanada, Roger Barnsley, shi da abokan aikinsa, suka duba ranakun haihuwar 'yan wasan sanda na kan ƙanƙara. Suka tarar waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris sun fi na ƙarshen shekara yawa nesa ba kusa ba. Dalili, ana raba yara ne daga 1 ga Janairu, sai ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara, ya fi shi jiki, a zaɓe shi, a ba shi malami mai kyau, a ce baiwa ce. In 'yan watanni sun yi wannan ɓarna, ina ga shekara huɗu? A 2015 wasu manyan ƙungiyoyin Ingila suka gwada haɗa yara wasa bisa ga inda jikinsu ya kai a girma. Ƙattin da suka saba ture kowa suka ga tilas su yi dabara, ƙananan kuma suka sami sararin nuna abin da suka iya. Da muka ji wannan sai muka tuna dandalin kokawa na ƙauye bayan kaka. Yaro ya fito ya nuna wani, sai dattijo ya dube su ya ce, a'a, wannan ba sa'anka ba ne. Bai tambayi takardar haihuwa ba, ido ya sa.

Ku kuma da ke rage wa yara shekaru don kofi, ku ji. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985, da 1993, da 2007, da 2013, da 2015, muna kuwa alfahari da shi. Amma tun 2009, shekarar da aka yi gasar a ƙasar nan, FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI, a 2016 kuma 26 daga cikin waɗanda aka tara wa ƙungiyar ƙasa suka faɗi gwajin. Na'urar nan guringuntsin da muka ambata ta ke dubawa, ko ya rufe ko da saura, ba ta san ranar suna ba, saboda haka tana iya kayar da mai gaskiya wanda ya yi saurin girma. Duk da haka, duk ƙaton da aka cusa cikin yara, gurbin wani yaro na gaske ya ci, kuma ƙafar wani yaro zai taka.

Abin da mu ke roƙo ba ya cin ko kwabo. Kowane mai koyarwa ya nemi bango mai santsi, da alli, da tef ɗin tela. Kowane wata uku a tsai da yaro ba takalmi, a lokaci ɗaya na yini, a ja layi, a rubuta a littafi. Wanda ya ƙara wajen santimita 2 cikin wata ukun nan ya shiga zabura. A rage masa tsalle da yawan gasa, kada ya buga wa ƙungiya biyu, a ba shi hutun kwana ɗaya ko biyu a mako, a tambaye shi gwiwa da dunduniya. Ciwon da ya sa shi ɗingishi, ko ya kwana biyu bai sauka ba, ko ya zo da kumburi, a kai asibiti kafin a kai wa mai ɗori. Ga alli nan da tef mun zo da su, in an tashi za mu gwada muku awon a jikin bangon can na gabas, masu yara a kusa su kirawo su.