Kalma Ba Ta Zama Tamu Sai Mun Yi Aiki Da Ita



Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa gwanintar Turanci ita ce haddace manyan kalmomi masu cika baki. Mukan kwana muna bin ƙamus shafi-shafi, gari na wayewa mu manta. Ranar da aka ce mu rubuta takardar neman aiki ko rahoton ofis, sai mu jera kalmomin da ba mu san mazauninsu ba, mai karatu ya ture takardar gefe.

A shekarar 1953, wani malamin Ingila mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda suka fi amfani ga mai koyon Turanci. Ƙamus ɗin Longman na 1978 kuwa, da kalmomi kimanin 2,000 ya yi bayanin ma'anonin da ke cikinsa. Ashe ƙananan kalmomin da muke rainawa su ne ginshiƙan ɗakin.

Saboda haka mu fara da su, mu kuma kama kowace kalma tun daga saiwarta. Saiwar "port" a harshen Latin tana nufin ɗauka. Daga gare ta aka sami "import", "export" da "transport". Wanda ya san uwa, 'ya'yanta ba za su ɓace masa ba. Sa'an nan mu rubuta kalmar cikin jimlar da muka tsince ta, mu yi aiki da ita kafin mako ya ƙare. Biyar a rana sun isa, domin sannu ba ta hana zuwa.