Kada mu gaji da addu'a ga mai ciwon dajin jini



Ciwon dajin jini mai daɗewa ba masassara ba ce da za a yi kwana uku a miƙe. Ɓargo ne ke yin fararen ƙwayoyin jini fiye da kima, saifa ta kumbura, mutum ya rame, kullum cikin gajiya. Jinyar shekaru ce. To mu fa, yaya muke yi? Satin farko takalman masu dubiya har bakin zaure. Bayan wata shida, daga shi sai mahaifiyarsa.

Addu'ar da nake roƙonku ita ce mai ɗorewa. Ku ambaci sunansa cikin sujada, da tsakanin kiran salla da iƙama. In kun je dubiya ku yi masa tofi da Fatiha, ku taƙaita zama, kuma don Allah a daina ba shi labarin wane da ciwon ya kashe.

Kada kuma wani ya ce masa ya ajiye maganin asibiti ya koma rubutu kaɗai. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umurce mu da neman magani. Tun 2001 akwai ƙwaya mai suna imatinib, ana shan ta kullum, kuma da yawa daga masu nau'in ciwon da take yi wa aiki suna nan shekara da shekaru suna sana'arsu. Barin shan ta kan maido da ciwon.

Kuɗin mota zuwa Yamai don awon jini na durƙusar da iyali. Mai jikka guda, mai dala ɗari, a miƙa wa ma'ajin ƙungiya bayan sallar Juma'a.