KASUWANCIN KAWO-MUTUM: WA KE CIN RIBA, WA KE BIYA?

Jawabin da aka karanta wa 'yan asalin Jihar Barno da sauran 'yan Arewa mazauna Ikko



Duk wanda ya je gida kwanan nan ya ga abin da ke faruwa a Maiduguri. Samari ne da 'yan mata, wasunsu sun gama jami'a ko Kwalejin Ramat, sun ci ado, suna rataye da jakunkuna, suna bin ofisoshi da gidajen biki. A jakar akwai sabulu da man goge haƙori da ganyen shayi da wasu ƙwayoyi da aka ce suna ƙara lafiya. Amma in an zauna da su, ba a minti biyar ana zancen sabulun. Sauran zancen duka na rajista ne: a biya kuɗi a shiga, a kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu-biyu, sa'an nan sai mota da tafiya Dubai. Su suna kiransa netwokin. Mutanen gari kuwa sun laƙaba masa sunan da ya fi dacewa, watau kasuwancin kawo-mutum.

Ba wai Maiduguri ta fi sauran garuruwa rashin wayo ba ne. Ko kusa. Gari ne na fatake tun kaka da kakanni, wanda ya san cinikin kifin Baga da fata da shanu har Chadi da Kamaru. Abin da ya same shi shi ne karayar jari. Tun 2009 fitinar Boko Haram ta toshe hanyoyin fatauci, ta cika gari da 'yan gudun hijira. Ran 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Monday Market. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shafe Gwange da kewayen fadar Shehu, ya sake shiga kasuwar. Mutumin da ya rasa rumfarsa sau biyu, in aka ce masa ga ciniki ba haya ba rumfa, tilas ne ya tsaya ya saurara.

To, sai a duba yadda abin yake. A cinikin da aka sani, ɗan kasuwa yakan sari kaya da araha ya sayar wa mai bukata, ribarsa ita ce abin da ke tsakani. A nan kuwa sabon shiga shi ne mai saye. Shi zai biya kuɗin rajista, shi zai ɗauki kaya, kuma a kamfanoni da yawa sai ya ci gaba da saye kowane wata kafin a lissafa masa lada. Daga kuɗinsa ake yankar kason wanda ya kawo shi, da na wanda ya kawo wancan, har can sama. Saboda haka ne sabulun ya ninka na kasuwa tsada, saboda haka ne kuma ba ya sayuwa. Wa zai bar sabulun rumfa ya sayi wannan, in ba kunyar ɗan'uwa ba? Sai kwali ya taru a ƙarƙashin gado har ranar lalacewarsa ta wuce.

Akwai lissafin da ba a yi a wurin semina, ko da yake yaron firamare zai iya shi. A ce kowa ya kawo mutum 5. Hawa na farko 5, na biyu 25, na uku 125. Kafin a kai hawa na 10 ana bukatar mutum fiye da miliyan 9, alhali ƙidayar 1991 da ta 2006 ba wadda ta ba Jihar Barno ko miliyan 5. A hawa na 13 ana bukatar fiye da miliyan dubu ɗaya. Tsofaffin da suka ga dalar gyaɗa a Kano sun san siffarta: buhu ɗaya ne a ƙoli yana shan iska, dubbai na ƙasa suna ɗauke da nauyi. Ba lalaci ne ya sa buhun ƙasa ya zauna a ƙasa ba, haka ginin yake. Amma da zarar yaro ya kasa, sai na samansa ya ce masa bai yi ƙoƙari ba ne, ko kuwa ya ƙi rabuwa da masu kashe masa gwiwa. Su wa ake nufi? Uwarsa ce da yayansa da suka ce ya yi hattara.

Adalci ya sa a bambanta. Kamfanoni irin su Forever Living da NeoLife da Longrich da Tiens suna da kaya na zahiri, ba ɗaya suke da MMM ba. Ita MMM ba ta da ko allura. Alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata ta yi, ta kulle asusun jama'a a Disamba 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce an yi asarar wajen Naira miliyan dubu 18. Mai ita, Sergei Mavrodi, ya mutu a Mosko cikin 2018. Haka CBEX ta rufe da kuɗin mutane a Afrilu 2025, har fusatattu suka fasa ofishinta na Badun. Sai dai samuwar kaya ba ta wanke tsari ba. A Amurka, inda wannan ciniki ya yi ƙarfi, hukumar kula da ciniki ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200 cikin 2016, ta kuma tilasta masa ya riƙa biyan lada bisa abin da aka sayar wa masu amfani na gaskiya, ba bisa abin da wakilai suka saya da kuɗinsu ba.

Malamai ma suna da ta cewa. Dillanci halal ne, la'ada kuma halal ce. Amma duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana cinikin garari. Mutumin da ya ba da kuɗi tabbas, don ladan da ya rataya a wuyan mutanen da ba su ma shiga ba tukuna, ya kamata ya kai wa malaminsa wannan tambaya kafin ya kai kuɗinsa banki.

Sauran magana ta shafi mazauna Kudu kai tsaye, kuma ita ce mafi nauyi. A gida ana ganin duk wanda ke Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Fatakwal idonsa ya buɗe. Kalmarsa ɗaya a waya ta fi takardar kamfani goma. Masu wannan harka sun san haka, shi ya sa suke neman mai gadi da ɗan acaɓa da mai shayi, ba don kuɗinsa kaɗai ba, don jerin sunayen da ke wayarsa. Sai a koya masa ya bugo gida ya ce an sami aiki a kamfani, a turo kuɗin fom. Uwa ta sayar da tunkiya ko ta ɗebi adashinta, yaro ya hau mota kwana biyu. In ya iso sai ya tarar ba aiki, sai ɗaki cike da irinsa, da allo, da umurnin shi ma ya bugo gida. A Maris 2025 hukumar EFCC ta ba da sanarwar kama mutum 133 a Gwagwalada, a wani wuri da ke amfani da sunan QNET, ko da yake kamfanin ya sha nisanta kansa daga masu yaudara da alkawarin aiki. Yawancin irin waɗannan yara ba ɓarayi ba ne tun asali. An cuce su ne, aka nuna musu hanyar fita ɗaya ce, su cuci na kusa da su. Kuɗi kan dawo wata rana, amma akwai gidajen da wa da ƙane ba sa gaisawa har yau.

Doka dai ta samu. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu, ga masu tsarin damfara irin na MMM. Abin da ya rage shi ne wakilan jama'a su matsa a yi aiki da ita, a kuma fassara ta da Hausa da Kanuri a gidajen rediyo.

Su kuwa sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyi na nan Kudu, ana roƙonsu kada su ba da ɗakin taro ko harabar masallaci ga mai irin wannan talla sai ya faɗi a gaban jama'a nawa ya kashe bara, nawa ya samu, kuma nawa ne daga ciki ya fito daga hannun wanda ba ya cikin kamfanin. Duk yaron da aka ji an kira shi daga gida da sunan aiki, a tura dattijo ya tare shi a tasha, ya je ya ga wurin aikin da idonsa kafin a biya ko kwabo.