Jawabin Magatakarda: Abin da Na Gano a Birnin Shenzhen

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, da ƴan uwanmu da suka taso daga Ƙonni da Damagaram da Jibiya da Katsina, ina gaishe ku da gaisuwar ban girma. Allah ya maimaita mana wannan rana, ya jiƙan waɗanda suka kafa ƙungiyar nan suka riga mu gidan gaskiya.

Shugaba ya umarce ni in ba da bayanin tafiyar da aka aike ni ƙasar Sin bara, inda na yi sati huɗu. Kun san ni ba fatake ba ne kamarku, aikina riƙe littafi da rubuta takardu. To amma littafin ƙorafi yana hannuna, kuma duk wanda ya buɗe shi zai ga sunan Shenzhen yana yawan dawowa. Da yawanku sun san Guangzhou, wanda muke ce wa Gwanzu, sun san unguwar Xiaobei inda baƙar fata suka fi taruwa. Shenzhen kuwa yana kudu da shi a bakin teku, jikin Hong Kong, tafiyar kimanin rabin awa a jirgin ƙasa mai gudu. Can ne masu sayen waya da batir da kayan sola suka fi zuwa yanzu.

A 1979 yankin nan ƙauyukan masunta ne da manoma, mutanensa kimanin dubu 300. A 1980, zamanin Deng Xiaoping, gwamnati ta ware shi ya zama yankin kasuwanci na musamman. Ƙidayar 2020 ta samu mutum fiye da miliyan 17 a cikinsa, wato sama da rabin mutanen Nijar baki ɗaya. Hedikwatar Huawei tana can, da ta Tencent mai WeChat, da ta BYD, da ta Transsion mai yin Tecno da itel da Infinix. Wayar da ke aljihun yawancinmu a zauren nan, daga garin nan asalinta yake.

Ba don burgewa na kawo wannan tarihi ba. Saurin girman garin shi ne tushen yawancin asarar da ke cikin littafina. A nan Maraɗi, in ka ba mutum bashi ka san gidan ubansa, ka san masallacin da yake salla, ko bayan shekara goma za ka same shi. A Shenzhen kusan kowa baƙo ne da ya zo neman kuɗi daga wani lardi. Kuɗin haya yana hawa, ana rushe tsofaffin unguwanni ana gina dogayen benaye, masana'antu da yawa sun koma garuruwan maƙwabta irin su Dongguan da Huizhou. Rumfar da ka sani bara, bana wani ne a cikinta.

Abin da ya sami ɗan uwanmu da aka aike ni dominsa ke nan, ba zan faɗi sunansa ba. Ya yi ciniki sau biyu da wani dillali a kasuwar Huaqiangbei, babbar kasuwar kayan lantarki, kaya suka iso lafiya. A na uku ya yi odar batiran sola masu yawa, ya tura kafin alƙalami cikin asusun dillalin na kansa, ba tare da wata takarda ba sai saƙonnin waya. Da na isa rumfar, na tarar da wata mata tana sayar da caja, ba ta ma taɓa jin sunan mutumin ba. Da taimakon wani tafinta muka gano masana'antar da ya saba ɗaukar kaya. Suka nuna mana cewa ɗan abin da ya ajiye musu bai kai rabin abin da aka tura masa ba. Shi muka karɓo a kaya, sauran ya tafi.

Don haka ku riƙe wannan. Rumfar kasuwa ba masana'anta ba ce. Duk kamfanin da ke da rajista a ƙasar Sin yana da lasisi mai lamba ta haruffa da alƙaluma 18, da suna a rubutun Sinanci, da jan hatimi da yake bugawa a kan yarjejeniya. Ku nemi hoton lasisin, ku duba cewa sunan da ke kansa shi ne ke kan asusun da za ku tura kuɗi, shi ne kuma ke kan hatimin. Al'adar cinikin can, a biya kashi 30 cikin ɗari a fara aiki, sauran 70 sai kaya sun kammala kafin loda su. Kada ku biya cikon sai wani naku ya buɗe kwalaye ya gani da idonsa. Wanda ya faɗa muku farashin da ya yi ƙasa da na kowa, ku tuna araha ba ta ado. Za a yi muku kayan daidai kuɗinku.

Sai maganar yanayi, don shi ma yana cin kuɗi. Zafin can ba irin namu ba ne, zafi ne mai ɗanshi, mutum yana zaune gumi na zuba. Wajen Maris da Afrilu bango da daɓe har raɓa suke yi, kwalin da ya daɗe a sito sai ya yi laushi ya yi fumfuna. Ruwan sama yana yawa daga Afrilu zuwa Satumba. Daga tsakiyar damina zuwa kaka ake guguwar teku, kuma in ta taso ana dakatar da aiki a tashoshin jiragen ruwa irin su Yantian da Shekou, kamar yadda aka yi lokacin guguwar Mangkhut a Satumbar 2018. Ga kuma hutun sabuwar shekararsu da ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, inda masana'antu ke rufewa makonni, da hutun satin farko na Oktoba. Mai son kayan salla ko na azumi, ya ɗora kalandarsu a kan tamu kafin ya yi alkawari da abokan cinikinsa.

Zaman garin kuwa yana da daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Wuta ba ta ɗaukewa, motocin bas duk na lantarki ne tun ƙarshen 2017, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai ka kusan ko'ina. Akwai babban masallaci a yankin Futian, akwai gidajen abincin Musulmin Sin masu sayar da taliya da naman sa. Amma Juma'a ranar aiki ce, kuma suna gabanmu da awa 7, lokacin da kuke buɗe shago su sun kusa tashi. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke. Ciniki da biyan kuɗi duk ta WeChat da Alipay ake yi, har mai sayar da ayaba a bakin titi. Wanda zai je, ya shirya waɗannan a wayarsa tun daga gida.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma iyaye nake roƙo su saurara. Baƙon da bai sauka a otal ba, doka ta ce ya yi rajista wurin ƴan sanda cikin awa 24. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama, tarar yuwan 500 ce kowace rana har ta kai dubu 10, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya korarsa a hana shi dawowa na wasu shekaru. Na haɗu da samari masu jin Hausa a Gwanzu da suka shiga wannan hali. Jarinsu ya ƙare, kunyar dawowa hannu rabbana ta riƙe su, ba su iya kama ɗaki da sunansu, ba su iya zuwa asibiti hankali kwance. Kuna tune da Afrilun 2020, lokacin korona, yadda aka fitar da ƴan Afirka da dama daga gidajen haya a Gwanzu. Mai takarda ma ya sha wuya, balle marar ita. Kada mu tura yaro can da kuɗin jirgi kawai mu ce Allah ya ba da sa'a.

Kuma sayen kaya rabin aiki ne. Kwantena tana yin wata ɗaya da rabi ko fiye a teku kafin Lome. Tun rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan Yulin 2023, kun fi ni sanin abin da zagayen Togo da Burkina Faso ya ƙara mana na kwanaki da kuɗi, kafin a zo ga duwan. Batir kuma kaya ne mai haɗari a dokar sufuri, yana da takardunsa daban. Wanda ya ɓoye shi cikin wasu kaya, yana iya jawo a riƙe kwantenar jama'a gaba ɗaya.

Saboda haka ina gabatar wa kwamiti shawara uku. Ta farko, a buɗe littafi a ofis, kowa ya rubuta kamfani da dillalin da ya yi hulɗa da shi da yadda suka ƙare, mai kyau da marar kyau. Ta biyu, mu haɗa kuɗi mu ɗauki amintaccen mutum guda mai cikakkun takardun zama a can, aikinsa duba kaya kafin a biya ciko. Ta uku, ƙananan ƴan kasuwa da mata su haɗa kwantena ɗaya da sunan ƙungiya sau biyu a shekara, da jerin kayan kowa a rubuce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san wasu ba su son faɗin inda suke saye, tsoron kada a bi sawunsu. Ina fahimta. Amma dillalin da ya cuci ɗan uwanmu, na gano daga baya ya taɓa cutar wani cikinmu, ya yi shiru. Da ya yi magana, da ba a aike ni ba.

Inda na yi kuskure ku yafe mini, ku manyana ne. Littafin yana kan teburina daga ranar Litinin. Allah ya yi wa dukiyarmu albarka, ya kiyaye mana hanya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.