GIGIN TSUFA: RIGAKAFI YA FI MAGANI



A Matamai, kamar ko'ina, akan ga tsohuwa ta fita gida ta kasa komowa, ko ta mance sunan jikanta. Kada a ce mayya ce. Gigin tsufa ne, ciwon ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba.

A shekarar 2024, masana sun bayyana a mujallar Lancet ta Ingila abubuwa 14 masu ƙara haɗarinsa. In an magance su, ana iya hana ko jinkirta kashi 45 cikin 100 na ciwon.

Ga abin yi. Ku je likitar Matamai a auna muku hawan jini da ciwon sukari, domin suna ɓata jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Ku rage gishiri. Ku bar taba. In kunne ya yi nauyi, ko ido ya yi yana, ku nemi magani. Kada a bar tsoho shi kaɗai a ɗaki, a riƙa hira da shi.

Rashin karatu ma yana cikin abubuwan nan 14. Saboda haka ku riƙe ajin yaƙi da jahilci, ku sa yara lakwal.

Allah ya ba mu tsufa mai albarka. Sai mako mai zuwa.