Gasar Kamfanonin Waya da Amincewar Jama'a



Manya a cikinmu sun san zamanin NITEL, lokacin da layukan waya a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. An kafa hukumar kula da sadarwa, NCC, a 1992, amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai a Janairun 2001, da aka yi gwanjon lasisin GSM a bainar jama'a, kowanne dala miliyan 285. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, suna cajin kira da minti: ko daƙiƙa goma ka yi magana, kuɗin minti guda za a cire maka. Da Globacom ta shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sai sauran suka bi sahu. Talaka ya ga amfanin gasa a katin wayarsa, kuma ya yarda da ita.

To amma kasuwa ba ta zama lafiya sai da sarkin kasuwa wanda mai saye da mai sayarwa duk suka amince da hukuncinsa. A nan ne nake ganin muna da rauni.

Ku tuna ƙarshen 2016. NCC ta umarci manyan kamfanoni da kada su sayar da data ƙasa da wani farashi. Hujjarta ba ta banza ba ce. Babban kamfani na iya karya farashi da gangan, ya jure asara har ƙananan su durƙushe, sannan ya tsawwala yadda ya ga dama. Sai dai jama'a ba daga bakin hukumar suka fara jin wannan bayani ba. Saƙon tes suka gani a wayoyinsu cewa data za ta yi tsada. Aka yi ca, Majalisar Dattawa ta sa baki, aka dakatar da umarnin. Mataki ne na kare gasa, amma mutanen da aka yi shi dominsu su ne suka ƙi shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Haka tarar MTN. A Oktoban 2015 an ci ta tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a yi musu rajista yadda ya kamata ba, daga baya aka daidaita a kan biliyan 330 a Yunin 2016. Ƙila ragin ya dace, don rushe kamfanin ba zai amfani kowa ba. Amma mai sayar da kati a Kantin Kwari, darasin da ya ɗauka shi ne cewa da babba ana sulhu.

Yau muna da hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta kafa, ga kuma ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanoni a Janairun 2025. Tsadar dizal da faɗuwar naira, da aka kafa hujjar ƙarin da su, gaskiya ne. Abin da nake roƙon hukumomin biyu shi ne su riƙa buga lissafin da suka dogara da shi kafin su yanke hukunci, su yi bayaninsa a rediyo da Hausa da sauran harsunanmu, su kuma faɗi ingancin sabis ɗin da za a samu da hukuncin kamfanin da ya gaza. Ku kuma malamai da ɗalibai, ku nemi waɗannan takardu ku tantance su.