Malami a Bakin Marubuta Waƙa



Kowace ranar 5 ga Oktoba mukan taru, a rera mana waƙoƙin yabon malami, mu yi tafi, mu koma gida mu tarar da bashin mai kanti yana jiranmu. Shi ya sa wasunmu suka fara ɗaukar waƙa tamkar alawar da ake miƙa wa yaro don ya bar kuka. Muna da uzuri, amma hukuncin ya yi tsauri, domin a ƙasar Hausa waƙa kayan aikin malami ce tun kafin ta zama kirarinsa.

Mu dubi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta tsara ilimi a cikin baitoci na Fulatanci da Hausa, ta horar da dattawan mata da ake kira jaji, ta ɗora wa kowacce malfa, ta mayar da su ƙauyukansu. Da baitocin nan matan karkara, 'yan taru, suka koyi tsarki da salla da tarihin magabata, suna daka suna rerawa. Jaji ba ta da takardar ɗaukar aiki, ba ta da matakin albashi, ga shi kuwa har yau ana ambatonta. Haka Alhaji Shehu Shagari, yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya, don yara su haddace labarin ƙasarsu ba tare da bulala ba. Mu'azu Haɗeja ma daga aji ya fito.

Sai dai kada a yi mana wayo da wannan tarihi. Al'ummar da ta girmama malamin allo ba da baki kaɗai ta girmama shi ba. Akwai kuɗin Laraba, akwai damin hatsi da kaka, akwai sadakar sauka. Magabatan nan sun san lada na Allah ne, sun kuma san tuwo na mutane ne. Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya yi waƙa ya kuma koyar a Bauchi da Maru, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Ashe waƙa da neman haƙƙi ɗaki guda suka kwana.

Don haka duk wanda ya ce mana ladan malami yana lahira, za mu ce amin, sannan mu tambaye shi batun ƙarin girman da ya maƙale, da haƙƙin iyayenmu 'yan fansho, da dokar 2022 wadda ta kai shekarun ritayar malami 65. Masu baitoci a cikinmu kuma su miƙa su ga sakataren reshe, mu buga su shafi ɗaya da jerin buƙatunmu.